Yadda Ake Gane Ƙarfin Amil Mukhtazil Daga Jadawalin E°

Ɗiyar ƙanwata tana ajin ƙarshe na sanawi, wato sakandare, a nan Jidda, tana shirin jarrabawar Tahsili ta shiga jami'a. Wani dare bayan sallar isha'i ta shigo da littafin kimiya, ta buɗe shi a kan darduma, ta ɗora yatsa a kan wata tambaya ta ce, "Kawu, sau uku ke nan ina faɗuwa a wannan." Tambayar ta jera ƙarafa huɗu, azurfa da tutiya da magnisiyam da jan ƙarfe, kowanne da lambarsa, aka ce a fitar da wanda ya fi ƙarfi a matsayin amil mukhtazil. Ita azurfa ta zaɓa. Da na tambaye ta dalili sai ta ce, "Ai ita ce mai babbar lamba, +0.80." Amsar kuwa magnisiyam ne, mai −2.37, wanda ya fi kowa ƙanƙantar lamba.

Na daɗe ina yi wa yaranmu darasin yamma, kuma wannan kuskuren kusan kowa sai ya yi shi. Yaran suna da kai. Abin da ke faruwa shi ne ana miƙa musu jadawalin su haddace, ba a zaunar da su an nuna musu abin da lambar take aunawa ba. Ga hanyar da nake bi da su, daki-daki.

Mataki na farko: tantance mai bayarwa da mai karɓa

Duk wannan babin ciniki ne na ilekturon. Wani ya saki, wani ya karɓa. Sakin ilekturon shi ne aksada, karɓarsa kuma shi ne ikhtizal, wato ragewa, domin lambar aksada ta wanda ya karɓa raguwa take yi.

Amil mukhtazil shi ne mai bayarwa. Shi yake miƙa ilekturon ɗinsa don wani ya samu ikhtizal, shi kansa kuma aksada ce take samunsa. Amil mu'aksid shi ne mai karɓa. A nan akwai wani tarko da yaran da ke karatu da Larabci ke faɗawa. Kalmomin mukhtazil da mukhtazal rubutunsu ɗaya ne idan babu wasali, kuma littattafai ba kasafai suke sa wasalin ba. Wanda ya yi nahawu ya san bambancin ismul fa'il da ismul maf'ul: mukhtazil, mai kisira, shi ne mai aikatawa, mukhtazal, mai fataha, shi aka aikata a kansa. Shi ya sa nake sa ɗalibai su rubuta a gefen takarda da Hausa, "mukhtazil = mai bayarwa". Daga nan har ƙarshen bayanin nan, mai bayarwa da mai karɓa zan riƙa cewa.

Mataki na biyu: san abin da lambar take aunawa

Lambar da ake rubutawa E°, wadda littafi ke kira juhdul ikhtizal al-ƙiyasi, tana auna abu ɗaya ne tak: kwaɗayin karɓar ilekturon. Ana auna ta da bolt. Idan lambar ta yi sama, kwaɗayin ya yi yawa. Idan ta yi ƙasa, kwaɗayin ya yi kaɗan.

Ba a iya auna kwaɗayin abu ɗaya shi kaɗai, sai an haɗa shi da wani an ga wanda zai ƙwace daga hannun ɗan'uwansa. Don haka masana suka tsayar da haidurojin a matsayin ma'auni, suka ba shi 0.00. Ana tsoma falatinam a ruwan asid mai ƙarfin mol ɗaya a lita (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne), ana hura masa iskar haidurojin, sai a haɗa duk abin da ake son aunawa da shi. Wanda ya ƙwace ilekturon daga haidurojin ya samu lamba mujab, mai alamar tarawa. Wanda haidurojin ya ƙwace daga hannunsa ya samu lamba salib, mai alamar ɗebewa. Sifilin nan yarjejeniya ce, kamar yadda ake auna tsawon duwatsun Ta'if daga saman ruwan teku. Ɗan da'irar da ke saman harafin E kuma tana nuna sharuɗɗan awon: kowane narkakken abu mol ɗaya a lita, kowace iska a matsin bar ɗaya, kuma jadawalin da aka saba da shi an yi shi ne a zafin digiri 25. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mataki na uku: karanta layi ɗaya, ka ga mutum biyu a cikinsa

A nan ne gizo ke saƙar, don haka zan ɗan daɗe. Duba wannan layin:

Zn²⁺ + 2e⁻ → Zn, E° = −0.76

Abu biyu ne a ciki. Na hagu, Zn²⁺, ayon ɗin tutiya ne, wato tutiyar da ta rasa ilekturon biyu, hannunsa wayam, yana jiran ya karɓa. Na dama, Zn, ƙarfen tutiya ne, ilekturon na hannunsa, shi ke da abin bayarwa. Duk layukan jadawalin haka aka rubuta su, ta fuskar karɓa, ilekturon a hagu. Saboda haka masu karɓa duka suna hagun kibiya, masu bayarwa duka suna damanta. Yaranmu da idonsu ya saba farawa daga dama su lura sosai, domin lissafin kimiya daga hagu ake karanta shi ko da shafin na Larabci ne.

To ita lambar −0.76 me take cewa? Tana cewa Zn²⁺ ba shi da kwaɗayin karɓa sosai. Wanda kuwa ba ya marmarin karɓar abu, idan abin ya shiga hannunsa ba zai ƙanƙame shi ba. Don haka Zn mai sakin hannu ne. Sai ka duba ɗaya ƙarshen:

F₂ + 2e⁻ → 2F⁻, E° = +2.87

Fulorin ya fi kowa kwaɗayi a jadawalin makaranta. Idan ya karɓa ya koma F⁻, rowa ce tsantsa, babu mai iya ɓanɓarar ilekturon daga hannunsa cikin sauƙi. F₂ shi ne mafi ƙarfin masu karɓa, F⁻ kuma mafi raunin masu bayarwa. A can ƙasa kuma akwai lithiyam mai −3.04: Li⁺ shi ne mafi raunin masu karɓa, Li mafi ƙarfin masu bayarwa.

Ga ƙa'idar ke nan: gwargwadon ƙanƙantar E°, gwargwadon ƙarfin mai bayarwar da ke daman kibiya. Jadawalin kwaɗayi yake aunawa, kai kuma kyauta aka tambaye ka, shi ya sa amsar take juyawa.

Abin da nake sa ɗalibi ya yi da hannunsa shi ne, da zarar ya ga kalmar mukhtazil a tambaya, ya zagaye duk abin da ke daman kibiya da biro, ya manta da na hagu. Masu jarrabawa suna son saka Li⁺ ko Mg²⁺ cikin zaɓi don su kama wanda ya haddace "mafi salib" bai duba ɓangare ba. Li⁺ ya riga ya ba da abin hannunsa. Me zai sake bayarwa?

Mataki na huɗu: jera lambobin daidai

Lambobin salib suna ruɗa yara. Wani zai ce −2.37 ta fi −0.76 girma don ya ga biyu ta fi sifili. Ka ɗauke su kamar bashi: wanda ake bin riyal 237 ya fi wanda ake bin riyal 76 nutsewa. Don haka −2.37 ce ƙarama.

Waɗanda ya kamata su zauna a kanka, daga mafi sakin hannu zuwa mafi rowa, su ne lithiyam −3.04, fotasiyam −2.93, kalsiyam −2.87, sodiyam −2.71, magnisiyam −2.37, alminiyam −1.66, tutiya −0.76, baƙin ƙarfe −0.44, kuza −0.14, dalma −0.13, haidurojin 0.00, jan ƙarfe +0.34, azurfa +0.80, zinare +1.50. Za ka iya ganin littafinka ya bambanta da wannan a adadin ƙarshe, wannan ba komai ba ne.

Kada ka riƙe ƙa'idar da "sama" ko "ƙasa". Wani littafin yana fara jadawalinsa da lithiyam, wani da fulorin. Lambar za ka bi. Sannan ka duba kan jadawalin da kyau. Wasu tsofaffin littattafai da wasu tambayoyin suna ba da juhdul aksada, inda aka juya layin, tutiya ta zama +0.76. A irin wannan, babbar lamba ce mai ƙarfin bayarwa. Tun 1953, a taron ƙungiyar masana kimiya ta duniya a Istokholm, aka daidaita a kan rubuta su ta fuskar ikhtizal, amma tsohon salon bai ɓace gaba ɗaya ba. Idan ka gamu da shi, ka juya alamomin duka tun farko, ka koma hanyar da ka saba.

Mataki na biyar: gano ko cinikin zai faɗa

Yanzu an ba ka abu biyu, an ce za su yi hulɗa da kansu ko ba za su yi ba. Ka fara tantance wanda ake so ya karɓa da wanda ake so ya bayar, sannan ka ɗauko lambobinsu yadda suke a jadawali, ba tare da taɓa alamarsu ba:

E° na haɗin = E° na layin mai karɓa − E° na layin mai bayarwa

Idan amsar ta fito mujab, hulɗar za ta tafi da kanta. Idan salib ce, ba za ta tafi ba.

Mu gwada da tutiya a cikin ruwan da ke ɗauke da Cu²⁺, ayon ɗin jan ƙarfe. Mai karɓa Cu²⁺ ne, +0.34. Mai bayarwa Zn ne, −0.76. Lissafi: 0.34 − (−0.76) = +1.10. Za ta tafi, kuma wannan 1.10 ɗin ita ce ƙarfin batirin da John Daniell ya ƙera a Ingila a 1836, wanda hotonsa ke kusan kowane littafin sanawi. Juya lamarin, ka tsoma jan ƙarfe a ruwan Zn²⁺: −0.76 − 0.34 = −1.10. Ko ka bar shi ya kwana babu abin da zai faru.

Jan ƙarfe a ruwan azurfa fa? 0.80 − 0.34 = +0.46. Za ta tafi. Wanda ya taɓa gani a ɗakin gwaji ba ya mantawa: azurfa tana tsirowa a jikin wayar kamar gashi, ruwan yana rikiɗa zuwa shuɗi. Ka ga jan ƙarfen da ya kasa ba tutiya ya ba azurfa. Ƙarfin bayarwa ya danganta ne da wanda kake tsaye a gabansa.

A wannan misalin akwai wani wurin tuntuɓe. Jan ƙarfe yana sakin ilekturon biyu, Ag⁺ kuma ɗaya yake karɓa, don haka za ka ninka layin azurfa sau biyu don lissafin ya daidaita. Kada ka ninka 0.80 ɗin. Bolt yana auna ƙarfin turi ne a kan kowane caji guda. Ruwan da ke zubowa daga tankin saman bene, ko bokiti ɗaya ne ko goma, tsayin da yake faɗowa bai canja ba.

Da wannan ƙa'idar kuma za ka amsa tambayar asid. Duk ƙarfen da lambarsa ke ƙasa da sifili zai iya ba H⁺, ayon ɗin haidurojin da ke cikin asid, ilekturon, iskar haidurojin ta fita. Tutiya a cikin asid na HCl tafasa take yi da kumfa. Jan ƙarfe kuwa, 0.00 − 0.34 = −0.34, ko gezau.

Mataki na shida: lura da masu fuska biyu

Wasu suna bayyana sau biyu a jadawali. Fe²⁺, ayon ɗin baƙin ƙarfe, yana hagu a layin Fe²⁺ → Fe mai −0.44, yana kuma dama a layin Fe³⁺ → Fe²⁺ mai +0.77. Idan a matsayin mai bayarwa aka tambaye ka shi, layin da yake dama za ka ɗauka, wato +0.77. Wanda ya ɗauki −0.44 ya ba shi ƙarfin da ba nasa ba, don wannan lambar ta ƙarfen Fe ce.

Gwada wannan: Fe³⁺ zai iya karɓa daga I⁻? Layin aidin +0.54 ne, sai mu ce 0.77 − 0.54 = +0.23, zai iya. Daga Br⁻ na buromin fa, mai +1.07? 0.77 − 1.07 = −0.30, ba zai iya ba. Wannan ya nuna I⁻ ya fi Br⁻ sakin hannu, shi kuma ya fi Cl⁻ na kulorin mai +1.36, shi kuma ya fi F⁻.

Ka gani da idonka

A daren nan da na ga bayanin ya fara shiga, sai na aiki ƙaninta ya ɗauko lemon tsami a kicin. Na murza shi a ƙasa da tafin hannu har ya yi laushi, na soka masa ƙusa mai rufin tutiya a gefe ɗaya, na feƙe guntun wayar lantarki na soka jan ƙarfenta a ɗaya gefen, ban bari sun taɓa juna ba. Na ɗauko mitar da masu gyaran lantarki ke amfani da ita, na sa jan baki a kan jan ƙarfe, baƙin baki a kan ƙusa. Ta nuna kusan bolt 0.9. Na ce ta sauya bakunan, sai alamar ɗebewa ta fito a gaban lambar. Na zare ƙusar na sa ta baƙin ƙarfe zalla, lambar ta sauka. Ta yi shiru tana kallon mitar, sannan ta ce, "Kawu, ashe tutiya ta fi ƙarfe bayarwa, shi ya sa." Wanda zai gwada a gida ya zubar da lemon bayan ya gama, kada yara su sha.

Sai ta tambaye ni me ya hana ta kai 1.10. Tambaya ce mai kyau. A cikin lemo babu Cu²⁺, H⁺ na ruwan tsamin ne ke karɓar ilekturon a jikin wayar, kuma babu abin da ya kai mol ɗaya a lita. Sharuɗɗan ɗan da'irar nan ba su cika ba. Idan yawan narkakken abu ko zafi ya canja, lambar ma tana motsawa, kuma lissafin da Walther Nernst na Jamus ya fitar a 1889 shi ake gyara ta da shi. Shi ya sa idan tazarar layi biyu ƙarama ce, kamar ta kuza da dalma, canjin yawa kaɗai zai iya juya wanda zai bayar.

Abin da jadawalin ba ya faɗa

E° tana gaya maka ko abu zai iya faruwa. Ba ta gaya maka saurinsa. Lithiyam ya fi fotasiyam ƙanƙantar lamba, amma idan aka jefa su a ruwa, lithiyam a hankali yake tsiyayar da kumfa, fotasiyam kuwa wuta yake kamawa nan take. Daga cikin dalilan, fotasiyam yana narkewa a kusan digiri 63, sodiyam a 98, lithiyam sai ya kai 180, don haka zafin hulɗar yana narkar da na farkon su bazu su ƙara haɗuwa da ruwa.

Ɗalibi mai lura zai kuma ce, ai cire ilekturon daga lithiyam ya fi wuya, kilojul 520 a mol, na fotasiyam kuwa 419, to ta yaya ya zama na ɗaya? Amsar tana cikin ruwa. E° a cikin ruwa ake auna ta, kuma Li⁺ ɗan mitsitsi ne, ƙwayoyin ruwa suna rungumarsa da ƙarfi, makamashin da ke fita daga wannan rungumar ya biya kuɗin da aka kashe har da riba.

Alminiyam ma haka. Da −1.66 ya kamata a ce ya fi baƙin ƙarfe saurin lalacewa, amma tagogin gidajen Jidda na alminiyam suna shekaru a cikin iskar gishirin Bahar Maliya suna nan, ƙofar ƙarfen da fentinta ya kware kuwa tsatsa ta cinye ta. Alminiyam da ya haɗu da iska yake yi wa kansa siririyar fata mai tauri, ta rufe shi ruf, ta hana abin ci gaba. Tsatsar baƙin ƙarfe kuwa ɓarɓashi take yi tana zubewa, tana buɗe sabon wuri.

Inda za ka gamu da shi a gari

Ka je inda ake gyaran jiragen ruwa a bakin teku, za ka ga curin tutiya a ɗaure a jikin jirgi kusa da farfela, duk ya zagwanye. Da gangan aka sa shi. Idan ƙarfe biyu suna manne a cikin ruwan gishiri, mai ƙaramar lamba ne ke bayarwa, don haka tutiya take cinyewa ƙarfen jirgin ya tsira. Humphry Davy ya gwada wannan dabarar tun 1824 a kan jiragen sojan ruwan Ingila masu rufin jan ƙarfe. Kwanon rufi mai tutiya ma haka yake aiki, ko an karce shi tutiyar ce ke fara tafiya. Gwangwani mai rufin kuza kuwa akasin haka ne: kuza −0.14, baƙin ƙarfe −0.44, don haka da an karce shi aka bar shi a danshi, ƙarfen ne mai bayarwa, tsatsa ta kama shi da sauri. Zinaren da ake sayarwa a kasuwar Balad kuma, +1.50 ɗinsa ce ta sa yake shekara da shekaru a wuya da hannu cikin gumi bai dusashe ba.

Mafi kusa da kai shi ne sakkan ɗin banɗakinka, wato tankin dumama ruwan wanka. Yawancin masu tankin ƙarfe suna da sandar magnisiyam a ciki, an ɗaura ta ne don ta cinye a madadin tankin. Idan ta ƙare ba a sauya ba, sai tsatsa ta koma kan tankin, ruwa ya fara fitowa ja, daga baya ya huje. Ranar da mai gyara ya buɗe namu na kira yarinyar nan ta gani. Sandar da ta shiga da kaurin babban yatsa ta fito kamar tsinken tsintsiya, farin ɓarɓashi manne a jikinta. Na ce ta lissafa mini. Ta ɗauki biro ta rubuta a bayan kwalin sabuwar sandar: −0.44 − (−2.37) = +1.93, ta ja layi a ƙarƙashin Mg.